Hannuwan Nanay Pilar

Vancouver, Oktoba

Zuwa ga mijina Efren,

Gaisuwa mai yawa tare da kewa. Ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na jirgi, kuma gwiwar nan ta daina damunka wajen hawa da sauka ɗakin inji. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya dawo mana kamar yadda ya saba. 'Yarka Tala ta shiga aji ɗaya, haƙorinta na gaba ya fita, ta ce kada in gaya maka, so take ka gani da idonka. Ga shi na faɗa, sai ka yi kamar ba ka sani ba.

Tunda ka ce wayar teku ba ta barin mutum ya kai ƙarshen zance, to ga takarda, kada kuma in ji ƙorafin tsawonta. Labarin da nake ɗauke da shi na mahaifiyarka ne: Nanay ta shiga fim.

Ka san katun ɗin da muke ta fama da shi a wurin aiki. Duk sanda na fara ba ka labarinsa barci kake yi, yanzu kuwa ba ka da inda za ka juya mini baya, don haka saurara. Tatsuniya ce. Akwai wata tsohuwa a bakin fadama, mutanen gari suna cewa mayya ce, tana kama yaran da suka ɓata ta cire inuwarsu ta nannaɗe a ganye ta cinye. Sai ƙaramar gimbiya ta ɓata, yarima ya hau doki. Duk wanda kakarsa ta taɓa yi masa tatsuniya ya san sauran. Abin da daraktarmu Judith take so shi ne mu ruɗi mai kallo da kamara kaɗai, ba tare da wani ya buɗe baki ya yi bayani ba. A farkon fim za a ga tsohuwar ta kafar ƙofa, kamara a ƙasa daidai tsayin yaro, koriyar wuta tana haska haɓarta, inuwar hannuwanta ta cika bango tana rawa. Can gaba sai mu koma wannan ɗaki, amma kamara tana ciki, a kan tebur, daidai idonta, hasken safiya ta taga, babu kiɗa. Sai a ga ashe abinci take naɗewa, tana ajiye wa yaran da suka ɓata a bakin hanya, rawar hannun kuma ciwo ne irin na tsufa. Yariman daga sama za mu ɗauke shi, ɗan mitsitsi, dokinsa ya kafe a taɓo. Ajiye kamarar nan a kowace fitowa shi ne aikina, wanda kake ce wa 'yan uwanka wai zane nake yi.

Inda muka maƙale shi ne hannun. Masu zana motsi al'adarsu ce su ɗauki hoton kansu suna yin abin da za su zana, sannan su bi shi daki-daki. To samari ne masu jini a jika, duk wanda ya gwada rawar hannu sai ka ce ruwa yake yarfewa. Judith ta duba ta ce ƙarya ce, ko yaro zai gane. Ni kuwa ina zaune ina tunanin abin da nake gani kullum a kicin ɗinmu.

Na daɗe ina jin nauyin tambayar Nanay. Ka san yadda ta koma tun da ciwon rawar hannun nan ya yi ƙarfi, hannu kullum a ƙarƙashin tebur, kuma tun ranar da kwanon taliya ya suɓuce mata a gaban sauran mata ba ta sake taka kicin ɗin coci ba. Na zaunar da ita na ba ta labarin tun daga farko. Tambaya ɗaya ta yi mini: "A ƙarshe dai tsohuwar mutuniyar kirki ce?" Na ce ita ce ma ta fi kowa a fim ɗin. Ta ce to da alama akwai masu hankali a wurin aikinmu, in gaya musu tana zuwa.

Da ka ga uwarka ranar nan. Shuɗiyar rigar bikin yayarka Remy ta ciro, ta je aka gyara mata gashi, har da jan baki. Na ce Nanay, hannu kawai za a ɗauka. Ta ce ai hannun ba shi kaɗai zai shiga bas ba. Aka ajiye mata tebur a gaban kamarori, ta baje kayan lumpiya, haɗin nan namu da ake naɗewa a fallen fulawa a soya, ta fara naɗi, tana ɗan waƙar nan tata ta cikin hanci. Kafin a jima ta mai da wurin nata. Anselm, mai gemun da zai zana tsohuwar, ya ce bari ya gwada, ta dubi abin da ya naɗa ta ce, "Ɗan nan, wannan naɗi ne ko ƙullin shara? Je ka wanke hannu ka dawo." Sau ɗaya wani naɗi ya kuɓuce mata ya faɗi ƙasa, sai ta sunkuya ta ɗauka ta ajiye gefe ta ci gaba. Aka soya sauran aka cinye tas.

Abin da ya fi faranta mini shi ne ranar Lahadi ta koma kicin ɗin coci. Ƙawarta Aling Chit ta ce mini yanzu ba a shan iska da ita, ɗaga hannuwan take yi tana cewa a bi su a hankali, 'yan fim ne. Rabon da in ga hannuwan nan a saman tebur har na manta.

Ka kula da kanka, ka riƙa sa rigar sanyi ko da ba na nan in yi maka mita. Nanay da Tala suna gaishe ka.

Taka har kullum,
Divina

Vancouver, Janairu

Baban Tala,

Barka da sabuwar shekara. Ina fatan ta same ka lafiya, kuma an ba ku abin kirki kun ci da Kirsimeti, ba kifin gwangwani ba. Mun yi namu a gida mu uku, sai baƙin da suka leƙo mu. Tala ta ajiye maka kujera da faranti, ta hana kowa zama, har da ɗan Aling Chit da ya tsaya yana cin nasa a tsaye. Na yi dariya a gabansu, amma da nake wanke farantin da ba a ci komai a ciki ba sai da na yi hawaye. Kwantiragin nan naka ya yi tsawo.

Mun gama fitowar ɗakin tsohuwa, duka biyun. Efren, Anselm bai bar komai ba. Babban yatsan nan da yake goga ɗan uwansa kamar mai jan carbi, yadda take karkata kai idan naɗi ya ƙi, ɗan jan ƙafar da take yi, har waƙar hancin an sa wata ta kwaikwaya. Fuskar ba tata ba ce, amma duk wanda ya taɓa cin abinci a gidanmu zai ce ga Nanay nan.

Ta cikin ɗakin ita ce abin da na fi alfahari da shi tun da na fara wannan aiki. Judith ta gina ta a kan naɗin nan da ya faɗi. Tsohuwar ta tsaya tana kallonsa a ƙasa, ni kuma na riƙa matso da kamara a hankali, a hankali, har fuskarta ta cika allo, sai hawaye guda ya gangaro. Babu kiɗa, babu magana, sai ƙarar ruwa a rufi. Da aka nuna wa ma'aikata, manyan maza suka riƙa neman abin share hanci.

Ta farkon ce take ɗan taɓa mini zuciya. Ta yi kyau fiye da yadda nake so. Ni na ajiye kamarar, na san koriyar wutar nan lissafi ce kawai a kwamfuta, amma da inuwar yatsun ta hau bango sai da na kau da kai. Na gaya wa Judith, ta ce haka ake so, iya tsoron da mai kallo ya ji da farko, iya kunyar da zai ji daga baya. Na yarda da ita.

Ba a yarda mu nuna wa kowa a gida ba, don haka Nanay ba ta ga komai ba tukuna. Damuwarta ɗaya, ko mun sa mata ƙiba. Ta riga ta gayyaci matan coci kaf zuwa ranar da za a nuna wa iyalan ma'aikata, ban san inda zan samo musu kujeru ba. Wata mai zuwa za a kai fim ɗin wani gari a ƙetaren iyaka, a tara iyaye da yara waɗanda ba su san mu ba, a ga yadda za su karɓe shi. Ka sa mu a addu'a.

Matarka mai kewarka,
Divina

Vancouver, Fabrairu

Efren nawa,

Bayan gaisuwa da fatan Allah ya tsare mini kai a kan ruwan nan. Lafiyarmu ƙalau, Tala ta yi mura ta warke, Nanay tana shan maganinta a kan kari. Ni ce dai raina ba daɗi, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai kai.

Gwajin bai yi kyau ba. Ban je ba, Judith ce ta zauna a bayan sinima ta ga komai. Ta ce a farko yara sun ƙanƙame iyayensu suna ihu irin na jin daɗi. Da aka zo fitowar cikin ɗaki, wadda muka zuba ranmu a kai, sai mutsu-mutsu ya tashi. Wannan zai je bayi, wancan yana harbin kujera, wani uba ya ciro waya. Da aka tambaye su bayan an gama, iyaye suka ce ta tuna musu da gidan kula da tsofaffi, su kuwa hutawa suka zo yi. Yara suka ce to wane ne mugun, ba su gane ba.

Ranar Litinin sai ga Warren, wakilin masu kuɗin fim, da kwalin donat a hannu. A wurinmu duk ranar da Warren ya kawo donat, aikin wani ya mutu. Ya zauna yana murmushi ya ce, "Kun gina mayyar da ban ga irinta ba tun da na shigo harkar nan, sannan kuna so yara su ba ta haƙuri?" An cire fitowar cikin ɗaki gaba ɗaya. Yanzu mayya mayya ce. A ƙarshe za ta biyo gimbiya da gudu, ta faɗa fadama, taɓo ya haɗiye ta, hannuwan ne za su rage a sama suna rawa kafin su nutse. Yarima kuma daga ƙasa za a ɗauke shi, rana a bayan kansa, kamar dai kowane yarima.

Judith ta yi faɗa har muryarta ta dushe. Aka ce mata ko ta ƙarasa yadda ake so, ko a kawo mai ƙarasawa. Ta zauna. Ban ga laifinta ba, fim ɗinta na farko ne, amma tun ranar idan muka haɗu a wurin shan kofi takalmana take kallo.

Ni na bi Warren har bakin lif. Na ce masa hannuwan nan na surukata ne, mace mai ciwo, kuma ta yarda ne a kan tsohuwar mutuniyar kirki ce. Na roƙe shi a canza motsin, a sa wani iri. Ya saurare ni da kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce duk inda tsohuwar ta fito sai an sake zanawa, lokaci ba zai kai ba, kuma hannuwan su ne aka riga aka sa a hoton talla. Sannan ya ce ai ba fuskarta ba ce, wa zai gane? Sai lif ya zo ya shiga.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ni ce mai ajiye kamarar nutsewar. Jiya aka dawo mini da ita wai hannun bai cika allo ba, na ƙara sauke kamara zuwa bakin taɓo. Na iya aikina, Efren, abin takaicin ke nan. Ta yi ban tsoro sosai. Na tashi aiki na dawo gida na tarar Nanay ta dafa mini miyar tsamiya don ta ga ina ramewa, ta zuba mini da hannun nan, rabi a kwano rabi a tebur, tana yi wa kanta tsiya tana dariya.

Ban gaya mata ba tukuna. Uwarka ce, ka fi ni saninta. Ka gaya mini yadda zan yi.

Taka,
Divina

Vancouver, Afrilu

Mijina,

Ina gaishe ka, ina kuma yi maka sannu da guguwar da ka ce kun sha. Allah ya ƙara kiyayewa. Wasiƙarka ta iso, na karanta ta a bas, na sake karantawa da na huce.

Ka ce in ajiye aikin. Daga tsakiyar teku wannan magana tana da sauƙin faɗa. In na ajiye, hannuwan suna nan a fim ɗin, na teburin kusa da ni ne zai ƙarasa, kuma shi bai taɓa cin lumpiyar Nanay a gida ba balle ya sassauta. Ka kuma ce tun farko me ya kai ni. Wannan ka bar mini, ina tambayar kaina ba sai ka taya ni ba. Amma inda ka ce in gaya mata kafin ta ji a waje, ka yi gaskiya, kuma na yi.

Ranar Asabar da rana ne, tana gyaran wake a kicin. Na ce Nanay, an canza labarin, tsohuwar ta zama muguwa har ƙarshe, kuma mutuwa za ta yi. Na zaci za ta yi shiru. Dariya ta yi har da tari. Ta ce dama ita ta yi mamaki, tun da take ba ta taɓa jin tatsuniyar da mayya ta ci riba ba. Ta ce ta haifi biyar, ta binne miji, ta yi shekaru tana wanke tsofaffin Turawa a garin nan, zanen yara ne zai kayar da ita?

Na ce duk da haka gara kada ta je, matan coci kuma a ba su haƙuri. Nan fuskarta ta canza. Ta ajiye waken ta dube ni ta ce, "Vina, kunyata kike ji?" Na rantse mata ba haka ba ne. Ta ce to in ba haka ba ne a bar zancen, ta riga ta ba da rigarta wanki.

Na gaya mata abin da ya faru a labarin, kuma ta ji. Abin da na kasa gaya mata shi ne abin da koriyar wuta take yi wa mutum idan ta hasko shi daga ƙasa, da yadda yatsa yake komawa idan ya kai tsayin gini a allo, ga ganguna a bayansa. Wannan ba ya faɗuwa da baki, shi ya sa ma ake biyanmu. Ita a ganinta wasan kwaikwayo ne irin na makarantar Tala, inda wadda ta fito a muguwa take cire hula a ƙarshe a tafa mata.

Na so in bar Tala a gida, na ce ta yi ƙanƙanta. Ashe kakarta ta riga ta yi mata alkawari, kuma duk 'ya'yan abokan aikina za su je. Ta yi kuka, Nanay ta sa baki, na sakar musu. Watan Yuni ne, ranar wata Asabar da safe. Da ma a ce jirginku zai iso kafin nan, amma na san ba zai iso ba.

Kada ka riƙe maganata ta sama a zuciya. Gajiya ce, kuma kai kaɗai nake iya yi wa.

Matarka,
Divina

Vancouver, Yuni

Efren,

Ina fatan kana lafiya, kuma wannan za ta same ka a tashar da za ku tsaya. Mu ba wanda yake kwance. Na fara da haka don kada gabanka ya faɗi, sauran kuma ka karanta a zaune.

Mun je. Matan coci sun cika layi guda, kowacce da kwalliyarta, Nanay a tsakiya tana gaisawa da Anselm kamar ɗanta. Tala ta zauna tsakanina da kakarta da kwalin gugguru. Da aka zo wurin kafar ƙofa, babban yatsan ya fara motsi a bango, na ji Aling Chit ta ce a hankali, "Pilar, ai ke ce." Tala ta dubi allo, ta dubi cinyar kakarta inda hannuwan suke, sannan ta matso jikina har ta hau kan ƙafata. Da taɓo ya haɗiye hannuwan, yaran sinimar suka tashi da tafi.

A waje ne abin ya ƙarasa. Yara suka riƙa bin juna a guje, kowa ya ɗaga hannu yana karkaɗawa yana gurnani. Wani ɗan yaro ya zo har gaban Nanay ya yi, bai san ko wace ce ba, wasa yake. Uwarsa ta ga hannun Nanay, ta fizge shi ta yi gaba. Matan coci suka ce mini sannu da ƙoƙari, kowacce ta tuna tana da uzuri, abincin ranar da muka shirya ba wadda ta tsaya. Judith ta zo gaishe ta, ta miƙa hannu, Nanay ta sunkuyar da kai kawai, nata suna cikin aljihun riga.

Tun ranar gidan nan ba daɗi. Tala ba ta yarda kakarta ta taje mata kai, kuma duk abin da ta ga Nanay ta taɓa ba ta ci. Na yi lallashi, na yi faɗa. Ta ce mini ta san Kaka ce, tana son Kaka, hannun ne ba ta so, ko za a iya cewa ya daina? Nanay tana jinmu daga kicin. Yanzu a ɗakinta take cin abinci, ƙofa a rufe, coci kuma ta ce sanyi ya yi yawa, a watan Yuni da ake zafi a nan.

Sai na yi abin da zai iya raba ni da aikina. Na kwafo fitowar da aka cire, ta cikin ɗaki, na kawo gida. Na tabbata idan suka ga ta gaskiyar komai zai gyaru. Ranar Lahadi da yamma na zaunar da su a falo na kunna. Hasken safiya, ƙarar ruwa, tsohuwa tana naɗa wa yara abinci. Tala ta kalla daga bayan matashin kujera, da ta ƙare ta tambaye ni, to yaushe za ta cinye su?

Nanay ba ta kula ta ba. Ta ce in mayar mata wurin da naɗin ya faɗi. Na mayar. Ta kalli kamarata tana matsowa a hankali har hawayen ya gangaro, sannan ta ce, "Ni ban yi kuka ba ranar nan. Ɗauka na yi na ci gaba da aikina."

Na ce haka ne, Nanay, mun ƙara ne don mai kallo ya ji a jikinsa.

Ta ce, "A wancan kun sa a ji tsorona, a wannan kun sa a ji tausayina. Wannan ɗin ne kike ta yi wa kuka don an cire?"

Ba ta faɗa da fushi ba, da ma fushin ta yi. Ta ce in kashe, ta dafa kujera ta tashi ta shiga ɗaki. Efren, wata da watanni ina ganin Warren ne ya ɓata mana abu mai kyau. Ban taɓa kawowa a raina cewa mai kyan ma ba za ta so shi ba.

Ta yi waya da Remy, za ta koma wurinta a Winnipeg ƙarshen watan nan. Na durƙusa na roƙe ta, na ce yarinya ce, za ta manta. Ta shafa kaina ta ce ta sani, amma ba ta so jikarta ta riƙa leƙa kicin kafin ta shiga a gidan ubanta, kuma idan ba ta ganin hannun za ta fi saurin mantawa. Ta riga ta haɗa akwati, ta ƙi in taya ta ninke kaya.

Ka nemi izini ka dawo, ko ka kira ta idan kun samu waya mai kyau, wataƙila kai ta ji taka. Ni abu ɗaya ta roƙe ni, kuma na ce to. Ta ce ranar tafiyar kada in kawo Tala filin jirgi, don ta san halina, zan ce yarinya ta rungumi kakarta, ita kuma ba ta so a sa ta dole.

Allah ya dawo mini da kai lafiya.

Matarka,
Divina